Yadda Wayar Hannu Ke Tona Asirin Jabun Magani

A shekarar 1995, lokacin da annobar sanƙarau ta ɓarke a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafin da daga baya aka gano jabu ce. Matsalar ba ta kau ba, domin a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane magani goma da ke yawo a ƙasashe masu tasowa, ko dai jabu ne ko marar inganci. Tun da ido ba ya iya rarrabewa, ta yaya mai saye zai gane na gaske alhali yana tsaye a gaban kantar kemis?

Wasu matasa biyu 'yan ƙasar Gana, Bright Simons da Ashifi Gogo, suna daga cikin waɗanda suka samo mafita. Dabararsu ita ce a manna wa kowane kwalin magani lamba tasa shi kaɗai, a lulluɓe ta kamar ta katin waya. Mai saye zai kankare, ya aika da lambar ta saƙon tes kyauta, amsa ta dawo masa cikin ɗan lokaci. Hukumar NAFDAC ta ƙaddamar da wannan tsari a Nijeriya a 2010, daga baya kuma ta wajabta shi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin bakteriya.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa wayar ba ta gwada maganin. Aikinta aikin ɗan aike ne kawai, wato kai tambaya da dawo da amsa. Saƙon yakan bi ta turken sadarwa zuwa wata babbar kwamfuta mai ɗauke da abin da ake kira rumbun bayanai. Wannan rumbu ya yi kama da rajistar aji, inda kowace lamba take da layinta, a gabanta kuma an rubuta sunan magani, da kamfanin da ya yi shi, da ranar da zai lalace.

To, yaya kwamfuta ke gano layi guda a cikin miliyoyi? Ɗalibin da ke neman kalmar "tururuwa" a ƙamus ba ya farawa daga shafin farko. Yakan buɗe tsakiya, ya ga kalmar tana gaba, ya yi watsi da rabin baya. Da yake lambobin a jere suke, kwamfuta ma tana iya bin wannan hanya ta raba saura gida biyu a kowane mataki. Ta haka, lambobi miliyan 10 ba su buƙatar fiye da mataki 24. Idan ta sami lambar, sai ta ba da amsa, ta kuma yi alamar cewa an riga an tambaye ta. Saboda haka wanda ya kwafi lamba guda ya buga a kwalaye dubu, asirinsa zai tonu a hannun mai saye na biyu. Canki-canki ma ba zai fisshe shi ba. Misali, idan lamba tana da gurabe 12, aka kuma buga kwalaye miliyan 10, to sau ɗaya ne kacal cikin 100,000 zai dace.

Amfanin wannan bai tsaya ga mai saye shi kaɗai ba. Sau da yawa jabun magani yana ɗauke da ɗan kaɗan daga sinadarin gaskiya. Idan mai zazzaɓi ya sha irinsa, raunanan ƙwayoyin cutar da ke cikin jininsa za su mutu, masu juriya su tsira su hayayyafa, sauro kuma ya kai su jikin wani. Bijirewar ƙwayoyin cuta ce ta sa Nijeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko a 2005, ta koma ga haɗin da ke ɗauke da atimisinin, wanda ake samu daga wani tsiro dangin tazargade. Duk abin da ya rage yawon jabu yana ƙara wa wannan magani tsawon rai.

Sai dai rumbun bayanai bai san komai ba sai abin da aka zuba masa. Ba zai san cewa kwalin gaske ya yi wata uku a cikin zafin rana a kan tiren mai talla ba. Haka kuma maganin da aka ɓalle ana sayarwa ƙwaya-ƙwaya ya riga ya rabu da lambarsa. Don haka wajibi ne a sayi magani a cikin kwalinsa, a duba ranar lalacewarsa, a tabbata ba a kankare lambar ba, sannan a aika da ita zuwa adireshin da aka buga a jiki tun kafin a bar kemis. Malaman kimiyya za su iya kawo kwali guda cikin aji, ɗalibai su aika da lambarsa sau biyu, su kwatanta amsar farko da ta biyu.