Ba Waya Hutu Domin Lafiyarka Da Ta Iyalinka

An shirya wannan bayani ne domin jawo hankalin 'yan ƙasa, maza da mata, manya da yara, ga wata al'ada da ta shigo gidajenmu a hankali har ta zauna daram, watau yawan duƙufa a kan wayar hannu da talabijin da kwamfuta ba dare ba rana. Babu mai musun amfanin waɗannan na'urori. Da waya ɗan kasuwa a Legas ke jin farashin hatsi a Dawanau, da ita ɗalibi ke neman gurbin karatu, da ita kuma ake kiran mota idan naƙuda ta taso da tsakar dare. Amma kowane abu yana da lokacinsa, kuma mai hankali shi ne wanda ya san sa'ad da zai ɗauki waya da sa'ad da zai ajiye ta.

Yadda Abin Ya Faro

A shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a birnin Ibadan, na Kaduna kuwa ya biyo baya a 1962. A wancan zamani sai da yamma ake buɗe tasha, in dare ya yi a rufe ta da taken ƙasa, kowa ya nemi makwancinsa. Ashe ke nan tashar da kanta ita ke yanka wa mai kallo iyaka. Wayar tarho kuma sai ofisoshi da gidajen masu hali, domin kafin shekarar 2001 layukan waya a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. A cikin 2001 ɗin ne aka fara amfani da wayar salula ta zamani, yau kuwa layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Tasha ba ta rufewa yanzu, kuma tana cikin aljihun kowa. Saboda haka iyakar da na'ura ke yanka mana a dā, tilas yanzu mutum ya yanka wa kansa.

Me Ya Sa Waya Ke Da Wuyar Ajiyewa?

Mutane da yawa suna zaton raunin zuciya ne kaɗai ke sa su kasa rabuwa da waya. Ya kamata a fahimci cewa yawancin dandalolin sada zumunta na intanet da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna masa. Don haka aka tsara su yadda shafi ba ya ƙarewa, hoto na bin hoto, majigi na ƙarewa wani na tashi da kansa. Ƙarar saƙo kuma tana kiran mutum ko yana cikin aiki ko ibada. Wanda ya ɗauki waya da niyyar duba saƙo ɗaya, sai ya farga awa guda ta wuce. Wanda ya san wannan dabara ya fi kusa da kuɓuta daga gare ta.

Asarar Da Ake Yi

Ta farko ita ce barci. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ake kira melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa lokacin hutawa ya zo. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowarsa, labarai masu tayar da hankali kuma suna hana zuciya kwanciya. Masana sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. Ma'aikacin da ya kai ƙarfe 2 na dare yana latsa waya, ya kuma tashi da asuba, zai wuni cikin kasala da saurin fushi, aikinsa kuma ya ragu.

Ta biyu ta shafi ƙananan yara. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Dalili shi ne yaro yana koyon magana ne daga bakin uwa da uba da 'yan'uwa, masu yi masa magana su jira amsarsa, kuma jikinsa yana ƙarfi ne ta guje-guje da tsalle-tsalle. Har ila yau likitocin ido sun gano cewa yaran da ke yawan wasa a waje cikin hasken rana ba su cika kamuwa da ciwon rashin hangen nesa ba kamar waɗanda ke wuni a ɗaka.

Ta uku ita ce rai kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin yin karo kusan sau 4. Dokar hanya ta Nijeriya ta hana wannan, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar wanda ta kama. Babu saƙon da ya kai ran fasinja daraja.

Ta huɗu ita ce zumunci. Sau da yawa akan shiga gida a tarar da maigida da uwargida da 'ya'ya suna zaune wuri ɗaya, kowa kansa a sunkuye, babu mai ce wa wani uffan. Baƙo ya yi sallama a amsa masa ba tare da an ɗaga ido ba. Tsoho yana ba da labari, jikokinsa suna can wata duniya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma saƙon gaisuwa ba ya maye gurbin zuwa duba marar lafiya ko zaman ta'aziyya.

Abubuwan Jin Daɗi Da Ba Sa Cin Kuɗi

Kakanninmu sun bar mana hanyoyin shaƙatawa masu yawa waɗanda ba su bukatar caji ko kuɗin data. Akwai hirar dare a tsakar gida, inda kaka ke yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a bi da kacici-kacici da karin magana, yaro ya tashi da kaifin harshe da sanin ya-kamata. Akwai gaɗa ga 'yan mata a farin wata, da langa da kokawa ga samari, da dara a gindin bishiya ga dattawa. Wanda ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas yana iya zama da maƙwabtansa Yarabawa su buga ayo, da haka a ƙara sanin juna da zaman lafiya.

Akwai kuma yawon shan iska da la'asar sakaliya, da shuka alayyafo ko zogale a bayan gida, da kiwon kaji ko tantabaru, da saƙa, da karanta littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kowace rana. Tafiyar rabin awa a ƙafa sau 5 a mako ta cika wa baligi wannan adadi, kuma in ya nufi gidan ɗan'uwa da ita, ya samu lafiya ya kuma sada zumunci a tafiya ɗaya.

Shawarwari Ga Kowane Gida

1. A ajiye waya a kashe talabijin lokacin cin abinci. Iyali su ci tare, su ji labarin wunin juna.

2. A daina duba waya awa 1 kafin kwanciya, kuma a bar ta nesa da gado.

3. A rufe ƙarar saƙonnin da ba na dole ba, a bar ta kira kaɗai domin larura.

4. A kashe waya ko a rufe bakinta a masallaci, da coci, da aji, da wurin ta'aziyya.

5. Direba ya tsaya a gefen hanya kafin ya amsa kira.

6. Mai aiki da kwamfuta ya riƙa ɗaga kai bayan kowane minti 20, ya dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, domin ido ya huta.

7. Kada a miƙa wa jariri waya domin a rarrashe shi. A goya shi, a yi masa wasa da tawai.

8. Iyali su keɓe yammaci ɗaya a mako domin ziyara, ko wasa, ko hira, ba tare da na'ura ba.

Kira Ga Iyaye Da Shugabanni

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma yaro abin da ya gani yake kwaikwaya. Uban da ke tsawata wa ɗansa a kan waya alhali tasa na hannunsa, maganarsa ba za ta yi tasiri ba. Don haka gyara daga manya zai fara. Ana kuma roƙon malaman makaranta, da limamai, da fastoci, da masu unguwanni, su riƙa tunatar da jama'a, su kuma taimaka wajen kare filayen wasan yara daga masu mayar da su shaguna ko juji.

Ba a ce kowa ya jefar da wayarsa ba. Abin da ake nema shi ne kowane gida ya tsai da lokacin waya da lokacin iyali, a kuma riƙe wannan ƙa'ida. A fara da daren yau: in an idar da cin tuwo, a tara wayoyi a wuri ɗaya, a shimfiɗa tabarma, a ce wa kaka ta fara tatsuniya. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.