Dutsen ganet: suna ɗaya, iri-iri, farashi daban-daban

Jihar Kaduna na daga cikin sassan Najeriya da aka san su da duwatsu masu daraja, kamar shuɗin yaƙutu na yankin Jama'a da zumurrudu na yankin Gwantu.

Sai dai akwai wani dutsen da masu haƙa da dillalai kan yi wa kuɗin goro, wato ganet, wanda da yawa ke ɗauka cewa jan dutse ne kawai mai araha.

Masana ma'adinai sun ce ganet dangi ne guda na duwatsu masu ƙira iri ɗaya, amma sinadaran da ke cikinsu sun bambanta. Wannan bambanci ne ke sauya launi, shi ne kuma ke yanke farashi.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin rumman, saboda ƙwayoyin dutsen sun yi kama da 'ya'yansa.

Jajaye da masu ruwan lemo

Manyan ire-iren ganet shida ne, kuma an kasa su gida biyu.

A gida na farko akwai almandin, mai ɗauke da ƙarfe, wanda jansa kan yi duhu har ya kusa komawa baƙi. Shi ya fi yawa a duniya, ya kuma fi araha, har masana'antu kan niƙa shi don goge ƙarfe da katako.

Na biyu shi ne fairof, mai sinadarin maganiziyam, ja wur kamar garwashi, wanda yankin Bohemiya na Jamhuriyar Cek ya yi suna da shi. Idan waɗannan biyun suka gauraya sai a sami rodolait, mai ja da ya karkata zuwa shunayya.

Na uku shi ne sifesatin, mai sinadarin manganis, mai ruwan lemo. An gano mai kyan gaske a arewacin Namibiya a farkon shekarun 1990, sannan wanda aka haƙo a jihar Oyo ya cika kasuwannin duniya a shekarar 1999, abin da ya ɗaga sunan Najeriya a wannan sana'a.

Korayen da suka fi tsada

Gida na biyu na masu sinadarin kalsiyam ne, wato girosula da andiradait da ubarobait.

Daga girosula ake samun tsaborait, koren dutsen da masanin duwatsu Campbell Bridges ya gano a Tanzaniya a shekarar 1967, daga baya kuma a Kenya. Kamfanin Tiffany na Amurka ne ya tallata shi da wannan suna, wanda aka ɗauko daga gandun dajin Tsavo.

Daga andiradait kuwa ake samun dimantoyid, wanda aka fara haƙowa a tsaunukan Ural na Rasha a ƙarni na 19. Yana rarraba haske fiye da daimon, kuma yana cikin mafiya tsada a dangin baki ɗaya.

Ubarobait ma kore ne, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ba kasafai ake iya yanka su ba.

A Afirka ta Yamma, an gano wani gauraye na girosula da andiradait a yankin Kayes na ƙasar Mali a shekarar 1994.

Ina ribar take tafiya?

Akasarin duwatsun da ake haƙowa a Najeriya ana fitar da su ne ɗanyu, ta hannun dillalan Ibadan da Jos, zuwa biranen da suka ƙware wajen yanka da gogewa, kamar Bankok a Tailan da Jaifur a Indiya.

Mai haƙar da bai san irin dutsen da ke hannunsa ba yana iya sayar da sifesatin a farashin almandin, ribar kuma ta faɗa aljihun wanda ya sani.

Mai saye ma ba ta bar shi ba. Wanda ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar Kaduna neman zobe mai jan dutse, ido kaɗai ba zai bambance masa ganet da yaƙutu ko gilashi ba.

Akwai dai alamomi. Ɗanyen ganet kan fito da fuskoki 12 ko 24. Taurinsa tsakanin 6.5 ne zuwa 7.5 a ma'aunin Mohs, alhali na yaƙutu 9 ne. Mayen ƙarfe mai ƙarfi kan ja almandin da sifesatin, shi kuwa gilashi sau da yawa akan ga 'yan kumfa a cikinsa.

To amma cikakken tabbaci sai an auna nauyin dutsen da yadda yake karkatar da haske, aikin da ke buƙatar na'urori da ƙwararru.

Kaduna ba ta rasa irin waɗannan ƙwararru ba. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje na Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya a birnin, akwai kuma sashen koyar da aikin ma'adinai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada.

Abin da ya rage shi ne wannan ilimi ya isa ga mutanen da ke cikin ramuka, domin su ne ke fara yanke wa dutsen farashi.