Tace Bincike Kafin Bugawa a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Idan mai bincike a fannin ilimin halayyar ɗan Adam ya kammala aikinsa, ba haka kawai mujallar ilimi takan buga shi ba. Edita yakan miƙa takardar ga masana biyu ko uku, takwarorin marubucin, waɗanda galibi ake sakaya sunayensu. Su za su duba yadda aka zaɓo mutanen da aka gwada, da yadda aka yi lissafi, da kuma ko hujjojin sun kai ga hukuncin da aka yanke. Daga nan sai su ce a buga, ko a gyara, ko a ƙi.

Amfanin wannan al'ada a fili yake. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Tun da hali ba abin aunawa da sikeli ba ne, son zuciyar mai bincike yana saurin kutsawa cikin aikinsa, kuma idon baƙo ne yakan gano shi.

To, amma rariyar tana da ɓuli. A 1982, Douglas Peters da Stephen Ceci suka ɗauki takardu 12 da aka riga aka buga, suka sauya sunayen marubuta da na jami'o'insu, suka mayar wa mujallun da suka buga su. Uku kaɗai aka gane, kuma cikin taran da suka rage aka ƙi takwas. Ashe suna yana rinjayar hukunci.

Haka kuma mai tacewa takarda yake gani, ba ya wurin da aka yi gwajin. Shi ya sa Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan ya yi shekaru yana ƙirƙirar alƙaluma kafin asirinsa ya tonu a 2011, har aka janye takardunsa fiye da 50. A 2015 kuma aka maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga, waɗanda suka sake tabbata ba su kai rabi ba.

Don rage wannan matsala, tun 2013 mujallar Cortex ta fara tace tsarin bincike kafin ma a san sakamakonsa. Saboda haka ɗalibi ya riƙe cewa buga takarda shaida ce ta cewa masana sun duba ta. Kafin ya kafa hujja da ita, sai ya tambaya ko wasu sun maimaita gwajin sun sami abu guda.