Damina Uwargida Ce a Fatakwal

Daren da za a kai ƙanwata gidan miji, ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran a ce a ɗauko akwatuna, sai na ji Gwaggo tana yi mata nasiha. Gidan da za ta shiga akwai uwargida mai 'ya'ya biyar. Gwaggo ta riƙe hannunta da ya sha lalle, ta ce: "'Yar nan, ke kika tarar da ita, ba ita ta tarar da ke ba. Kada ki shiga da niyyar sauya mata gida. Ki zuba ido ki ga lokacin da take tashi, da inda take ajiye tsintsiya, da abin da ke ɓata mata rai. Amma tarbiyyar gidanku, wannan ki ƙulle ta a bakin zani, kada ta faɗi a hanya."

A lokacin na ɗauka magana ce ta mata, ba ta shafe ni ba. Sai da na yi wata uku a Fatakwal na gane cewa har da ni Gwaggo take.

A Kano na koyi sana'ar fiƙe ƙarfe. Na fara da share ɓarɓashi a ƙarƙashin inji, na kai ga ana ba ni wuƙa in wasa, har na iya yanka zaren noti da sassaƙa shaf ba tare da maigidana ya tsaya a kaina ba. Cinikinmu ya dogara ne da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Da suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje masu araha, sai aiki ya koma na injin niƙa da famfon ban ruwa, yau akwai gobe babu. Ana cikin haka aka yi mini hanyar wani wurin aiki a unguwar masana'antu ta Trans-Amadi. Na nemi albarkar iyaye, na ɗaure akwatin kayan aikina, na hau mota.

Fatakwal gari ne da aikin ƙarfe ya raina tun yana jariri. Turawa sun kafa shi a 1912 domin a riƙa fitar da kwal ɗin Inugu ta jirgin ruwa, layin dogo kuma ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Da aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, sai kamfanoni suka yi masa caa, aka gina matatar mai a Eleme a 1965. Duk inda ake haƙar mai kuwa akwai bututu, akwai famfo, akwai bawul, kowannensu yana cinyewa yana neman gyara. Mai sana'ata ba ya rasa abin yi a can. Wannan shi ne mijin da ya kawo ni. Abin da ba a gaya mini ba shi ne halin uwargidan da zan tarar.

Mu a Kano damina baƙuwa ce mai daraja. Takan sauka a watan Mayu ko Yuni, ta yi marka a Agusta, kafin Oktoba ya yi nisa ta yi sallama. Idan ta yi jinkiri har roƙon ruwa ake fita. Idan aka wayi gari an sha ruwa, gaisuwar ma sauyawa take yi: "Ya ruwa?" a ce, "Ruwa ya yi gyara." Abin da ke zuba mana a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 1,000 ba. A Fatakwal ya haura 2,000. Tun daga Maris ake farawa, ba a tsagaitawa sosai sai Nuwamba, watannin da ake kira na rani ma ba a rasa yayyafi. Kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗo daga gabas, iska ta taso, a kwashe shanya, a zuba kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya rana ta fito. Can sai a wayi gari da shi, a yi azahar da shi, a kwanta ana jin sa a kan kwano. Damina a Fatakwal ba ziyara ta zo ba. Gidanta ne, makullan suna hannunta.

Karon farko da na taka mata doka, ranar Asabar ce. An ba ni shaf na wani famfo in sassaƙa. Na yi shi yadda aka koya mini, na auna mazaunin boris har sau uku, ya zauna daidai. Ƙarfen yana sheƙi kamar sabon kwanon jere. Na ɗauke shi da hannu, na ɗora a kan tebur, na rufa masa tsumma saboda ƙura, na tafi gida da farin ciki. Ranar Litinin da na ɗaga tsumman, sai na ga ja-ja ya bi jikinsa, ga shatin yatsuna biyar raɗau a daidai inda na riƙe shi. Na sa sanfefa na goge. Da aka zo sa boris, maimakon ya shiga da matsi sai ya zurma. A wannan aiki da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ake magana. Silin gashin kai ma yakan kai wajen bakwai. Biyu ko uku na goge, aikin kwana biyu ya tashi a banza.

Akwai wani dattijo a wurin, mutumin Ikwerre, wanda kowa ke kira Baba. Ya ɗauki shaf ɗin ya juya shi, bai yi mini faɗa ba. Da Turancin buroka ya ce mini: "Malam, hannunka yana da kyau. Amma a nan ba a barin ƙarfe ya kwana tsirara." Ya ɗauko tsumma mai tsabta ya goge wani da ya gama, ya shafe shi da mai tun daga kai har gindi, ya naɗe shi a takarda mai maiƙo, ya ɗora a kan katako, bai bari ya taɓa siminti ba. Ya ce siminti yana shan ruwa daga ƙasa yana shayar da duk abin da ya kwanta a kansa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan ya saɓa wa tarbiyyar da na taso da ita. A Kano abokin gabarmu ƙura ce. Idan ka cika wa gadon inji mai a lokacin hunturu, ƙura za ta sauka a kai ta cakuɗa, ta zama kamar dutsen wasa, ta riƙa cin gadon a hankali har inji ya daina yanka daidai. Don haka maigidana ya horar da hannuna a kan tsantseni: ɗigo kaɗan, a goge, a rufe. A Fatakwal wannan tsantsenin shi ne laifi. Kamar amaryar da a gidansu ake yaba mata ƙarancin gishiri, ta je ta tarar da gidan da ake son miya ta ji. Girkinta bai lalace ba, bakin masu ci ne daban.

Tsatsa ba sihiri ba ce. Abu uku take nema su haɗu: ƙarfe, iska da danshi. Idan danshin iska ya haura kashi 60 cikin ɗari sai ta fara sauri, a Fatakwal kuwa yawancin shekara sama da 80 yake. Ga gishirin da ke biyo iska daga kogin Bonny da rafukan da ruwan teku ke shigowa cikinsu, ga na gumin hannu. Shi ya sa yatsuna suka bar shaida. Da na gane haka sai na daina jin haushi, na koma almajiri. Kowace safiya sai an buɗe gindin tankin kwamfaresa an tsiyaye ruwan da ya taru, in ba haka ba zai biyo iska ya shiga kayan aiki. Sandunan walda na aikin bututu a cikin ɗan tanda mai ɗumi suke kwana, domin idan suka sha danshi ɗinkin yakan yi ƙofofi ko ya tsage daga baya. Wayar wuta ba ta kwanciya a ƙasa mai lema. Ma'aunin kauri, wanda shi ne idon mai sana'a, ba a mayar da shi gidansa sai an goge an shafa. Baba ya kuma ba ni ƙwayar kafur biyu ya ce in jefa a akwatin kayan aiki in riƙa rufe shi ruf. Na tuna yadda mahaifiyata ke sa kafur a adakar tufafinta, da yadda take sauke kwanonin jere tana gogewa ko da ba a ci komai a cikinsu ba. Ashe abin da ake so, goge shi ake yi tun bai yi datti ba.

A ɗaki ma dokar uwargida ce ke aiki. Shaddar sallata da na rataye a jikin bango ta yi fumfuna cikin mako biyu. Takalmin fata ya yi furfura. Gishiri ya zama ruwa a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, kukar da aka ƙullo mini daga gida ta dunƙule, kilishi ya yi laushi. Wanki kuwa sai ya kwana uku a igiya, ka sauke shi yana warin danshi. Sannu a hankali na koyi zuba komai a robar da ke rufuwa gam, na ɗaga katifa daga ƙasa, na janye akwati daga bango, na riƙa bin wanki da guga. Na sayi takalmin ruwa da rigar leda, na ajiye riga ɗaya busasshiya a wurin aiki. Gidan sauro ya zama na kullum, domin sauro a can ba ya tafiya hutun rani.

Darasin da ya fi yi mini wuya shi ne na fita. A gida idan ruwa ya tsuge, kowa fakewa yake yi, kasuwa ta tsaya, ba wanda zai zarge ka da makara. Ranar farko da na ce ruwa ne ya tsare ni, sai na ga kowa ya riga ni zuwa, rigunan ledarsu na ɗiga a jikin ƙusa. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun ya ishe ni. A garin da ake ruwa wata takwas ko tara, mai jiran ya ɗauke ba zai ci abinci ba. Na koyi karanta sama, na san wuraren da ruwa ke kwanciya a hanyar Aba, na riƙa fita da wuri. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Uwargidan nan kuma tana da alherinta, ga wanda ya zauna da ita lafiya. Ban taɓa sanin kore yana da launi iri-iri haka ba. Kaushin ƙafata ya warke, leɓena ya daina tsagewa. Na saba da gasasshiyar ayaba da kifi a bakin titi, ana ruwa tururi na tashi. A daren da ruwa ya yi tsanani, liman yakan haɗa mana Magariba da Isha'i a masallacin unguwa, in fito ina jin cewa addinin ma ya san da halin da muke ciki, ya yi mana rangwame.

Abin da Gwaggo ta ce a ƙulle a bakin zani kuwa, shi ya tsaya mini. Wasa wuƙa da hannu, da haƙurin auna abu sau uku kafin a yanka, da faɗin gaskiya idan aiki ya ɓaci, duk daga Kano na zo da su, kuma ruwa bai wanke ko ɗaya ba. Mu da muka koyi aiki a inda kayan gyara ke wuyar samu mun saba ƙera abin da babu. Ranar da wani tsohon inji ya tsaya aka rasa haƙorin giyarsa, ni na sassaƙa madadinsa, Baba yana tsaye yana gyaɗa kai. Shi ya koya mini zama da damina, ni kuma na nuna masa dabarar da rashi ya koya mana.

Da na zo ganin gida a watan Janairu, hunturu ya busa, hancina ya bushe, na riƙa tari kamar baƙo. Na je gaida maigidana, na ga wani shaf a kan tebur ba mai a jikinsa, ban san lokacin da hannuna ya kai ga tsumma ba. Ya yi murmushi ya ce: "Bar shi, ɗana, nan Kano ce." Daga can na biya gidan ƙanwata. Na tarar da ita da uwargidanta a tsakar gida, ɗaya na tankaɗe ɗaya na hura wuta, ɗan ƙanwata yana goye a bayan uwargida.

Ga ƙannena masu sana'a da ke shirin ɗaure kaya zuwa Fatakwal, ko Warri, ko Kalaba, ko Legas: ku tafi, neman halak ba shi da iyaka. Amma ku shiga da sallama. Ku nemi dattijon wurin ku durƙusa ku tambaya, ko da yarenku ba ɗaya ba ne. Kada ku ɓata shekara kuna cewa a garinmu ba haka ake yi ba. Ku sauya ɗabi'ar hannu, ku riƙe tarbiyyar gida, kuma kada ku bar ƙarfe ya kwana ba mai.