Kuɗin Taimakon Gyaran Gida A Ingila

A Ingila akwai tsofaffin gidaje da yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansunsu ba su da wurin wanka, ba su da ruwan zafi, makewayi kuwa yana can waje. Ingila ƙasar sanyi ce da yawan ruwan sama. Gida mai yoyo da laima yakan jawo wa masu shi ciwo.

Gwamnati ta ga gyaran tsohon gida ya fi gina sabo araha. Saboda haka a 1949 aka yi doka, aka ce majalisar gari tana iya ba mai gida kuɗin taimako ya gyara gidansa. Wannan kuɗi ba rance ba ne. A 1959 aka ƙara wata doka. Majalisa za ta biya rabin kuɗin aikin, amma kada ya wuce fam 155, domin a sa abu biyar: wurin wanka, da wurin wanke hannu, da ruwan zafi, da makewayi, da ma'ajin abinci.

Ga yadda akan nema. Mai gida ya cika takardar roƙo. Mai duba gidaje ya zo ya ga ɓarnar da idonsa. Magina su rubuta abin da aikin zai ci. Sa'an nan majalisa ta ba da amsa a rubuce. Wanda ya fara aiki kafin a yarda, yana iya rasa taimakon.

To, ina jinkiri ya fito? A 1982 Gwamnati ta ce za a biya har fam 9 cikin kowane fam 10 na waɗansu gyare-gyare. Nan da nan jama'a suka yi ca. Takardu suka taru a ofis, masu dubawa kuwa kaɗan ne. A 1984 aka janye wannan ƙari, alhali mutane da yawa suna jira.

Ku yi wannan lissafi, misali ne kawai. A ce takarda 30 ke shigowa kowane wata, amma kuɗin baitulmali na 10 kaɗai ya isa. Kowane wata saura 20. A shekara guda sun zama 240.

A 1990 aka soma duba samun mutum. Mai ƙaramin ƙarfi a ba shi da yawa, mai hali a ba shi kaɗan ko a hana shi. In gida bai cancanci zama ba, tilas ne majalisa ta taimaka. Amma kuɗi bai isa ba, layi ya sake tsawo. A 1996 aka soke tilas ɗin, sai dai ga naƙasassu. A 2008 aka sa iyakar taimakon naƙasasshe fam 30,000. Doka ta ba majalisa wata shida ta ba da amsa, amma ba a fara ƙidaya sai takarda ta cika. Sau da yawa jira yakan soma tun kafin nan.

Ku lura, jira kansa yana da tsada. Rufin da ke yoyo ba ya jiran amsar majalisa. Ruwa ya ruɓar da katako, ya jiƙa bango. Kuɗin kayan aiki da ladan magini su hau. Gyaran da dā kuɗi kaɗan zai ci, sai ya zama babba. Mai gida ya yi hasara, baitulmali ma ta yi hasara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambayoyi
1. Wane abu biyar dokar 1959 ta ambata?
2. Me ya sa takardu suka taru a 1982?
3. Don me jinkiri ke ƙara kuɗin gyara?