Agogon Caji Na Tsohuwar Tarakta: Yadda Ake Ɗaura Shi Daidai

Ƴan uwa manoman Damargu, daminarmu gajera ce. Daga Tanut zuwa Gangara da Balbeji, in ruwan shuka ya sauka, kwanaki kaɗan ƙasa ke riƙe laima. Taraktar da ta ƙi tashi a irin wannan safiya ta cuci mai ita, ta kuma cuci masu jiran ta a gonakinsu. Sau da yawa lafiyar inji ƙalau. Batir ne ya mutu.

Injin gazuwal na tsohuwar tarakta, in ya riga ya tashi, ba ya neman batir. Saboda haka dinamo yana iya daina caji tun da hantsi, tarakta ta yini tana huɗa, direba bai sani ba sai washegari. Abin da ke tona wannan asiri shi ne agogon caji. Ɗan ƙaramin agogo ne mai allura ɗaya. Yana da sifiri a tsakiya, da alamar ƙari (+) a gefe guda, da alamar ragi (−) a ɗaya gefen. Allura ta karkata ga ƙari, wuta tana shiga batir. Ta karkata ga ragi, wuta tana fita.

Amma agogon ba ya faɗin gaskiya sai an ɗaura shi a kan hanyar wuta, kamar mai gadi a ƙofar gari: mai shiga da mai fita duk ta gabansa za su bi.

Kafin a taɓa kome, a kashe inji, a kwance wayar batir da ke kama jikin ƙarfen tarakta, wadda makanikai ke kira mas. Sannan a duba ƙusar sitata inda babbar wayar batir take ɗaure. Daga nan a ja waya guda zuwa ƙafa ɗaya ta agogo. A ɗaya ƙafar kuma a haɗa wayar caji da wayar makulli da fitilu. Wayar da za a sa kada ta gaza wayar caji kauri, gama siririya tana yin zafi har ta narke.

Babbar wayar sitata kuwa ba ta bi ta cikin agogo. Sitata tana jan amfa ɗaruruwa, agogon kuma yawanci amfa 30 ne iyakarsa. Haka nan ba a haɗa ƙafar agogo da jikin ƙarfe. Wanda ya yi haka zai ga hayaƙi nan take, har wuta tana iya kama tarakta.

Mu lura da wani abu. Wasu tsofaffin taraktocin Ingila, irin su Massey Ferguson 35, an ƙera su da ƙarin batir a jikin ƙarfe, saɓanin motocin yanzu. Da yawa an riga an juya su. Don haka kada mu dogara da launin waya, mu gwada. A mayar da mas, a kunna fitilu ba tare da an ta da inji ba. Allura ta yi wajen ragi, aiki ya yi. In ta yi wajen ƙari, a sake kwance mas, a musanya wayoyin ƙafafun biyu. In kuma an cire dinamo an sa altanato, a nemi agogo mai amfa 60.

Inji ya tashi, allura za ta hau wajen ƙari, sannan ta dawo kusa da sifiri a hankali, alamar batir ya cika. In ta zauna a ragi inji yana gudu, a tsaya a duba bel ɗin dinamo da wayoyi. Ƙura da girgizar hanya suna sassauta ƙusa, saboda haka a riƙa ɗaure na bayan agogo kowane mako na aiki.