Abubuwan mamaki shida a manhajojin zanen injiniyoyi

Da yawa daga cikin manhajojin da injiniyoyi da masu zanen gini ke amfani da su a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru, a Amurka aka ƙirƙire su, kuma suna zuwa da saitin can. Ga shida daga cikin abin da ke ɓoye a cikinsu.

1. Inuwar wani gari. Idan ka zana gida a SketchUp ba ka gaya masa inda filin yake ba, zai ɗauka a Boulder yake, wani gari a jihar Colorado inda aka ƙirƙiri manhajar. Boulder na wajen digiri 40 arewa da tsakiyar duniya, Garwa kuwa wajen digiri 9. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, ranar tsaka a Garwa tana karkata arewa, inuwa ta faɗa kudu, abin da ba ya taɓa faruwa a Boulder. Wanda ya yarda da inuwar da ya gani a allo zai iya kafa baranda a gefen da rana ta fi duka, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40.

2. Waƙafi mai rikita lissafi. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yana rubuta biyu da rabi haka: 2,5. Idan AutoCAD na neman wuri a zane ka buga masa haka, zai fahimce shi a matsayin lambobi biyu, ya matsa 2 a kwance da 5 a tsaye. Ɗigo yake so: 2.5.

3. Sifili a gabas. Safiyo yana auna kusurwa daga arewa, ya bi hannun agogo. AutoCAD kuwa daga gabas yake farawa, ya juya akasin hannun agogo.

4. Leya mai taurin kai. AutoCAD ya fito a Disamban 1982. Kowane sabon zane a cikinsa yana da leya mai suna 0, wadda ba ta goguwa, ba a kuma sake mata suna. Akwai wata mai suna Defpoints: duk abin da ka zana a kanta za ka gan shi a allo, amma ba zai fito a takarda ba.

5. Garwa a cikin manhaja. Buɗe jerin tsarukan awon ƙasa na QGIS za ka tarar da ɗaya mai sunan Garwa, wani kuma mai sunan Kusiri, kamar yadda Najeriya ke da na Minna. Tsofaffin tsaruka ne da suka bambanta da WGS 84 na GPS. Haɗa su ba gyara, iyakar fili ta goce da mitoci masu yawa.

6. Tsibirin da babu shi. Idan lambobin wuri suka ɓace aka cike gurbinsu da sifili, manhajar taswira za ta jefa wurin cikin Tekun Gini, kudu da Gana, kamar akwai tsibiri a can alhali babu. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa a bakin kogin Binuwai sai ta bayyana a tsakiyar teku.

Don haka, ya kai injiniya, kafin ka ja layin farko, duba ma'auni da wuri da tsarin awo. Magini abin da ke kan takarda zai bi, kuma mai gida ne zai biya kuɗin rusau.